Inda na kai da sabulun bakteriyar daddawa

'Yan uwa masu koyo, gwajin da nake yi na samo sinadarin sabulu daga bakteriyar daddawa ya fara nuna alama, shi ya sa na ce bari in sanar da ku inda aka kwana.

Ga wanda bai biyo mu tun farko ba: wasu ƙwayoyin bakteriya suna fitar da sinadari mai aiki irin na sabulu, gefensa ɗaya na kama ruwa, ɗayan na kama mai. Wanda nake bibiya shi ne safaktin, da masana a Japan suka gano a 1968 daga Bacillus subtilis. Wannan ƙwayar kuwa ita ce kan gaba wajen ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Ɗan kaɗan na safaktin yakan sauke ƙarfin ɗamewar saman ruwa daga 72 zuwa wajen 27 a ma'aunin masana, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne.

Na dafa waken suya, na tace ruwan, na sa ɗan sukari, na zuba a kwalabe, na toshe bakinsu da auduga, na turara su a tukunyar matsi. Da suka huce sai na jefa ɗan gutsuren sabuwar daddawa a ciki, na bar kwalba ɗaya ba daddawa. Audugar dole ce, don ƙwayar tana son iska. Kuma sai da girgizawa a kai a kai.

Kumfa ta tashi, amma kada kumfa ta ruɗe ku. Ruwan wake ko ba bakteriya yana kumfa. Yauƙin ma ba hujja ba ne, wani sinadarin ne daban da ƙwayar ke yi. Abin da na yarda da shi gwajin faranti ne: a cika faranti da ruwa, a ɗiga baƙin mai ya bazu a sama, sannan a saki ɗigo ɗaya na tataccen ruwan kwalbar a tsakiya. Nawa ya ture man gefe, ya buɗe da'ira fes. Na kwalbar da ba daddawa sai ya ɗan motsa man kawai. Wannan bambancin shi ne sakamakon. Wanda ya yi gwaji ba kwalbar kwatanci, wallahi bai san abin da ya gani ba.

Gwaji na biyu, na kananzir, bai gamsar da ni ba tukuna. Ka'idarsa ita ce a haɗa kananzir da ruwan daidai wa daida, a girgiza minti 2, a ajiye awa 24, a auna tsawon farin kaurin da bai rabu ba. Nawa siriri ne. Ina zargin ƙarancin iska.

In naku bai yi komai ba, kada ku karaya. Ba kowane iri na Bacillus subtilis ke yin safaktin ba. Sanannen irin nan na ɗakin bincike mai lamba 168 ma ba ya yi, saboda naƙasa a ƙwayar halittarsa guda.

Wani ya tambaye ni batun Pseudomonas aeruginosa, wata bakteriyar mai yin ramnolifid, shi ma sinadari mai aiki irin na sabulu, da aka fara bayaninsa a 1949. Don Allah ku bar ta wa ɗakin bincike. Tana shiga gyambo da huhun marasa ƙarfin jiki, kuma tana da taurin kai ga magani. Ko kwalbar daddawar ma ba a ɗanɗanawa, don Bacillus cereus mai ɓata ciki na iya girma a ciki. A jiƙa komai a ruwan bilic kafin a zubar.

Abin da ke gabana yanzu shi ne kwatanta daddawar kalwa da ta waken suya da ta batso. Duk mai samun sabuwar batso a kusa, ya yi gwajin farantin, ya auna faɗin da'irar da rula, mu haɗa alƙaluma.