Yadda na nuna wa ɗalibaina zaren ilektron da tsohuwar talabijin

A manhajar fiziks ta ajin ƙarshe na sakandare akwai darasin da ke bayanin abin da ke samun ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki idan ta gifta kusa da maganaɗisu. Na daɗe ina koyar da shi a makarantarmu ta je-ka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, da alli da allo da yatsu uku na hannun hagu, kamar yadda ƙa'idar Fleming ta tanada. Yara suna haddacewa, wasu har su ci tambayar a WAEC ko NECO. Amma ka tsare ɗaya ka ce ina ƙwayar za ta nufa, sai ya ce maka, "Wajen maganaɗisun mana, Malam." Ba laifinsu ba ne. Tun suna ƙanana abin da suka sani shi ne mayen ƙarfe yana fizgo ƙusa da allura, to me zai hana shi fizgo ilektron, wato 'yar ƙwayar nan mai ɗauke da cajin lantarki?

Kwalbar gwajin da ake zanawa a littafi ba mu da ita, ba mu kuma da kuɗinta. Sai dai irinta tana nan jibge a ɗakunan mutane, ƙura ta rufe ta: talabijin mai doro, wadda aka yi watsi da ita tun da fulasma ta shigo. Kwalbarta jikar wadda Bajamushen nan Karl Ferdinand Braun ya ƙera ce a 1897, shekarar da J.J. Thomson ya yi amfani da irin wannan kwalba a Kambirij ta Ingila ya tabbatar da samuwar ilektron. An zuƙe iskar cikinta. A can ƙarshen siririn wuyanta akwai ɗan ƙarfe da ake zafafawa ya saki ilektron, lantarki mai ƙarfi ya fizge su su taho a jere, siriri kamar zare, su daki bayan gilashin, wurin da suka daka ya yi haske. Hoton nan gaba ɗaya ɗigo ɗaya ne ke zana shi, maganaɗisu na kora shi daga hagu zuwa dama sau 15,625 a daƙiƙa guda, bisa tsarin layuka 625 da aka daɗe ana amfani da shi a Najeriya.

Ni dai ƙa'idar na sani, hannu kuwa ban isa in sa a bayan talabijin ba. Don haka na nufi shagon wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a cikin garin Ringim, wanda yanzu gyaran fanka da fitilar sola ya fi kawo masa na cefane. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "Malam, mai kala ba za ta yi maka ba. Ƙaramar nan fari-da-baƙi za mu nema, mai cin batirin mota." Dalilinsa biyu ne, kuma duka masu ƙarfi. Mai kala tana aiki da bolt wajen 25,000, ƙaramar kuwa ba ta kai rabin haka ba, ko da yake ita ma ba abin wasa ba ce. Sannan a bayan gilashin mai kala akwai wani faranti na ƙarfe mai ƙananan huji, da ka kusanto da maganaɗisu sai ya kama, hoton ya yi dabbare-dabbaren shuɗi da kore. Wannan ƙarar "bum" da mai kala ke yi in an kunna ta, wani naɗin waya ne ke goge abin da farantin ya kama.

Kafin ya taɓa komai, Baba ya cire batir, ya ɗaura waya a jikin sukundireba, ya haɗa ɗaya bakin da wayar da ke rungume da bayan kwalbar, ya zura sukundireban ƙarƙashin robar nan mai kama jikinta. Muka ji ƙas! Ya ce kwalba tana riƙe wuta ko an kashe ta, kuma da hannu ɗaya ake wannan aiki, ɗayan yana aljihu. Daga nan ya kwance naɗin wayar jan ƙarfe da ke sanye a wuyan, abin da masu gyara ke kira yok. Na ce, "Baba, me zai hana mu yanke wayoyin kawai?" Ya girgiza kai. Ashe ɓangaren da ke ba yok wuta shi ne kuma ke haifar da babban lantarkin kwalbar, in ka raba su sai a yi ta rigima. Zare shi ya yi daga wuyan, ya ajiye shi can gefe da wayoyinsa, ya mai da soket, ya rage haske har ƙasa sannan ya kunna. Ɗigo ɗaya fari ya bayyana a tsakiyar gilashin. Ya gargaɗe ni kada in ƙara hasken, domin duk ƙarfin zaren wuri ɗaya yake dira, nan da nan zai ƙona wurin ya bar baƙin tabo.

Ranar darasi muka toshe tagogin ajin da tabarmi da buhuna. Baba ne ya zauna a bayan akwatin, babu yaron da aka bari ya zagaya can. Na ɗauko zagayayyen maganaɗisun tsohuwar sifika, na ce kowa ya rubuta a takarda inda yake ganin ɗigon zai tafi idan aka kawo shi ta dama. Kusan duka ajin suka rubuta dama, kaɗan suka ce hagu. Baba ya matso da shi a hankali ta daman wuyan kwalbar, ɗigon ya tashi ya hau sama. Ya juya ɗaya fuskar, ɗigon ya gangara ƙasa. Ya kawo shi ta sama, ɗigon ya zame gefe. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta miƙe ta ce a sake, ita ba ta yarda ba. Aka sake, aka kuma sakewa, har ta ɗaga yatsunta uku tana jujjuya hannu, ta gano da kanta cewa tunda cajin ilektron akasin wanda aka gina ƙa'idar a kansa ne, dole a juya yatsan tsakiya, mai nuna hanyar lantarki, ya kalli inda suka fito.

Wannan rubuta hasashe kafin gwaji shi ne abin da ya fi komai amfani a darasin. Wanda bai sa bakinsa a magana ba, kallon dabo kawai zai yi ya tashi.

Abu na biyu da nake so su riƙe shi ne maganaɗisu ba ya ƙara wa ƙwayar gudu ko kaɗan, hanya kawai yake sauya mata, saboda kullum ta gefe yake tura ta. Na ce musu lantarki ne bulala, maganaɗisu linzami. A kan wannan rabon aiki Ernest Lawrence ya gina saikulotiron, injin ƙara wa ƙwayoyi gudu, a Berkeley ta Amurka: maganaɗisu na lanƙwasa ƙwayar tana zagayawa, kowane zagaye lantarki ya ƙara mata gudu, da'irar tana buɗewa. Na farkon da ya yi aiki a 1931, wanda ɗalibinsa Stanley Livingston ya haɗa, faɗinsa bai kai inci 5 ba, kuma a 1939 aka ba Lawrence kyautar Nobel a kansa.

Da muka mai da yok, Baba ya cire wayoyi biyu na naɗin da ke kai ɗigo sama da ƙasa, hoton ya koma layi ɗaya a kwance, ciwon da duk mai gyara ya sani. Ya haɗa naɗin da wayar sifikar rediyo. Layin ya dinga buɗewa yana tsukewa daidai da muryar mai karanta labarai. Nan ajin ya kaure da surutu, ni kuma ban hana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wasu zobba ne na roba masu 'yan kunnuwa da Baba ya ciro daga wuyan matacciyar kwalba mai kala. Ya ce da su ake saita launuka uku su hau kan juna, shekara da shekaru yana murza su da ido. Maganaɗisai ne, wasu masu kai biyu, wasu huɗu, wasu shida. Irin wannan jeri ne ake amfani da shi a manyan injinan ƙara wa ƙwayoyi gudu na duniya. Mai kai biyu yana lanƙwasa zare. Mai kai huɗu yana matse shi ta gefe ɗaya amma ya buɗe shi ta ɗayan, sai dai in ka jera su kana juya na gaba, ƙarshenta zaren matsewa yake yi ta ko'ina. Ernest Courant da Livingston da Hartland Snyder ne suka wallafa wannan dabara a 1952 a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, daga baya aka gane wani injiniya a Girka, Nicholas Christofilos, wanda sana'arsa aikin lifta ce ta hawa bene, ya riga su, har ya nemi rajistar fasahar tun 1950. Da na ba Baba wannan labari murmushi ya yi ya ce, "Mai aikin hannu ma yana gani, Malam."

Injin LHC mai gwara ƙwayoyi da juna, na cibiyar binciken fiziks ta CERN, a kan iyakar Faransa da Suwizalan, zobe ne mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Yana da manyan maganaɗisai 1,232 masu lanƙwasa zaren furoton (ƙwaya mai akasin cajin ilektron) da 392 masu matse shi, ana sanyaya su zuwa wajen digiri 271 ƙasa da sifili. A can aka gano ƙwayar Higgs a 2012. Injinan gashin ciwon daji da yawa su ma da maganaɗisu suke juyo zaren ilektron ya fuskanci majiyyaci. Yanzu in na faɗi waɗannan a aji ba sa yi wa yara kama da tatsuniya, domin sun ga ƙaramin abin da idonsu.

Damuwata ita ce talabijin ɗin ƙarewa suke yi. 'Yan gwangwan suna bin ƙauyuka suna saye da arha, su fasa wuyan su ɓalle yok saboda jan ƙarfen, gilashin kuma, mai ɗauke da dalma, a watsar da shi a bola inda yara ke wasa. Ba a kuma ƙera sababbi. Na roƙi iyaye a taronmu da su cewa duk mai tsohuwa a gida ya fara tuntuɓar makaranta, kuma an kawo mana wasu. Malamin da zai nema ya fara duba wuyan: in ya tsage, iska ta shiga, kwalbar ta mutu, sai dai a ciri yok da zobban. In lafiyayye ne, a ɗauke ta ta jiki, kada a riƙe wuyan, a ajiye ta fuska ƙasa a kan buhu. Buɗe bayanta kuma a bar wa mai gyara, a biya shi kuɗin yininsa.