Gawona ya haye rani

'Yan uwa masu fama da farfaɗo da daji, albishirinku: gawona ya haye rani! Ruwan farko ya sauka, na zagaya fegin, ƙananan da na shuka bara suna nan tsaye da ƙayarsu, wasu sun kai gwiwa.

Sabara da kalgo ba su taɓa ba ni ciwon kai ba. Sassaben zamani ya ishe su, irin wanda masanin noma Tony Rinaudo ya fara da manoman Maraɗi a 1983: ka zaɓi rassa masu ƙarfi a kan kututture, ka sare sauran. Amma fegina babu kututturen gawo mai rai ko ɗaya, dole sai da iri, nan kuwa na sha wuya.

Reno a leda shi ya cinye ni. Gawo ƙasa yake fara nufa kafin sama. Kana ganin ɗan tsiro bai fi yatsa ba, alhali saiwarsa ta riga ta kai gindin leda, ta naɗe kamar gammo, ko ta huda ta shige ƙasa. Ranar dashe ka ɗaga, ka ji ƙas, ta tsinke. Zai yi maka kore shar duk damina, kana ta murna, hunturu na shigowa ya bushe a tsaye. Na tono waɗanda suka mutu, kusan duka saiwar a murɗe take, ba ta nutsa neman laima ba. Ledoji da ruwan 'yan garuwa sun ci mini kuɗin buhun gero, har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Bara sai na bar leda gaba ɗaya. Na haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwan sama, na zuba taki kaɗan, na jira ƙasa ta jiƙu sosai, na sa ƙwaya uku a kowane rami. Irin kuwa na fara watsa shi cikin ruwa, duk wanda ya taso sama ƙwaro ya cinye cikinsa, na zubar. Sauran na ɗan kankare bayansu da reza, nesa da idon, suka kwana a ruwa. Na gwada da wanda na tsinto a kashin awaki, ya tsiro, sai dai ba lokaci ɗaya ba. Mai reza ya fi saurin fitowa.

Awakin nan dai su ne abin tsoro yanzu. Shingen ƙayar magarya da na kewaye kowanne da shi gara ta fara cin gindinsa, kuma ramukan gefen hanya tuni an gwaiguye musu kai. Rage tsiron kowane rami da yankan rassa duk na ɗage sai sun ƙara ƙwari. Wanda ya san itacen shinge da gara ba ta so, don Allah ya taimaka mini kafin a saki dabbobi bayan kaka.