Littafin yana cikin durowa, ban rubuta ba

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci wallahi, kuma da kaina nake. Lokacin azumi ne a gidan abincin da nake kula da ma'aikata a Kano, ana dab da shan ruwa oda ta yi yawa, yaron da ke mana suyar kaza ya taka ruwan da ke ɗiga daga firiza, santsi ya kwashe shi ya bugi kasko, mai ya watso masa tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Kafin in ƙaraso wata har ta matso man goge baki za ta shafa masa, na hana, muka tara hannun a famfo kusan minti 20.

Ya ce oga ba komai ɗan kaɗan ne, ni kuma na ba shi kuɗin kemis na koma kan oda. Ga littafin hatsari nan a durowa fa, suna, lokaci, inda abin ya faru, wa ya gani, aikin minti biyar. Ban rubuta ba.

Kwana goma ciwo ya yi ruwa aka kwantar da shi asibiti, yayansa ya zo yana ta faɗa. Hajiya mai gidan abincin ta kira ni ofis, tambayarta ɗaya, Malam ina aka rubuta? Na ce ai kowa ya gani. Kowan nan da aka kira su wannan ya ce yana sito, waccan ta ce tana wajen wanke-wanke, kyamararmu kuma bayan sati take goge hoto. Firizar nan sau biyu ina faɗa wa manaja tana yoyo amma da baki, sai cewa ya yi shi kam bai tuna ba.

A ranar akanta ya zaunar da ni kan dokar diyyar ma'aikata ta 2010, ashe kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake biyan NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, duk wata saboda irin wannan ranar ne. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da mai aiki, mai aiki kuma kwana 7 ya kai rahoto NSITF. Namu bakwai ɗin sun wuce ina zaune kan littafi, ƙarshe rabin kuɗin asibiti a albashina aka cire.

Yanzu ko wuƙa ce ta ɗan shafi yatsa sai na rubuta, in ɗau hoton wurin kafin a goge, wanda ya gani ya sa hannu, in tura wa manaja ta WhatsApp don kar gobe a ce ba a tuna ba. Ba komai oga ɗin nan na daina jin sa, tsoron kora ne ke sa su faɗa. Firizar kuwa washegarin zuwan yayan nasa aka kira mai gyara, ko awa ɗaya bai yi ba ya gama.