Allurar baya da zazzaɓin mai naƙuda

A Kaduna, da zarar jikin mai naƙuda ya yi zafi, hankalinmu yakan tafi ga zazzaɓin cizon sauro, musamman da damina. Sai dai matan da aka yi wa allurar baya domin rage raɗaɗin naƙuda suna da wani dalilin na daban, domin kimanin ɗaya cikin biyar daga cikinsu zafin jikinta kan kai digiri 38, alhali galibi babu ƙwayar cuta.

Masana na ganin maganin kashe raɗaɗin da ke cikin allurar, irin su bupivacaine, shi ne ke tunzura garkuwar jiki, kuma zazzaɓin ya fi samun wadda ta daɗe da siririyar robar da ake tura maganin ta cikinta a bayanta. Wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa tura maganin kashi-kashi ya fi ɗigarsa babu yankewa ƙarancin zazzaɓi. Shan farasitamol tun da wuri kuwa bai hana shi ba.

A ganina wannan bai isa a guji allurar ba, amma ya kamata a faɗa wa mace tun a wajen awo, domin idan zazzaɓin ya zo, likita zai iya ba ta maganin ƙwayoyin cuta, a kuma ɗebi jinin jaririnta don gwaji.