Harafi guda da na rubuta ban tsaya na duba ba

Shagona yana cikin Garwa, inda nake gyaran kwamfuta da juye hotuna da bidiyo ga masu ɗaukar biki, kuma Ubuntu, wani nau'in manhajar Linux, ce a kan kwamfutar da nake wannan aiki da ita. A watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, na sayi kwanson diski na USB 3.0 a kasuwa, na zura diskin wata tsohuwar laftof a ciki domin ya zama ma'ajiyar ayyukan mutane. Ƙananan hotuna suna shiga lafiya lau, amma da zarar na fara juye babban bidiyo sai aikin ya tsaya cak, fitilar kwanson ta yi ta ƙyaftawa, bayan kamar rabin minti ya motsa, can kuma ya sake tsayawa.

Na zargi zafi, na zargi waya, na zargi wutar da ake ɗaukewa ana dawowa da ita. Sai da na buɗe dmesg, inda Linux take nuna rahoton abin da ke faruwa da na'urori, na ga layukan uas_eh_abort_handler suna bin juna, tare da sanarwar cewa an sake tayar da na'urar, sannan na gane diskin kansa lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin ɗan guntun da ke cikin kwanson, wanda yake tafinta tsakanin USB da SATA, wato mahaɗin da diskin yake aiki da shi. Yana shaida wa kwamfuta cewa ya iya UAS, wato sabuwar hanyar da ake jero umarni da yawa a lokaci guda, alhali idan aiki ya yi nauyi sai ya rikice.

Masu rubuta Linux sun san kasuwa cike take da irin waɗannan na'urori, kuma ba za su iya sanin kowace ɗaya ba, shi ya sa suka bar wa mai kwamfuta ƙofa ya gaya wa direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, yadda zai bi da na'urarsa. Ana duba lambarta da umarnin lsusb, alamomi huɗu na kamfani da huɗu na samfurin, a rubuta su a cikin saitin quirks na direban usb-storage, a ƙara harafi guda a ƙarshe. Harafin u yana nufin a bar UAS a koma tsohuwar hanya, wadda take tura umarni ɗaya ta jira amsarsa kafin ta tura na gaba. Ina ganin girman wannan tsari ƙwarai, domin mu da muke sayen abin da ya iso kasuwa, ba tare da wanda za mu mayar wa idan ya ƙi aiki ba, shi ne kaɗai gatanmu.

Na buɗe fayil a cikin /etc/modprobe.d, na rubuta layin daidai, na kashe kwamfuta na kunna, diskin yana maƙale a jikinta. Na jefa hotuna goma suka shiga, na ce alhamdu lillahi an gama. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai: hotuna goma ai ko kafin gyaran suna shiga, amma ban tsaya na duba ko direban ya canza ba.

Da yammacin ranar yayana, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyon biki ce, ya shigo da katin kyamara biyu na wani ɗaurin aure da walima. Ya ce, "Ƙanena, juye mini su yanzu, gobe da sassafe ina da wani aiki kuma ba ni da wasu katunan." Na ce, "Yaya, ka kwantar da hankalinka, na gyara diskin nan yau." Na sa juyi na fita sallar magariba, na dawo na ga sunayen fayiloli sun jeru a allo, na miƙa masa katunansa. A daren ya goge su.

Da safe manyan fayiloli uku suka ƙi buɗewa, kuma a cikinsu akwai wanda yake ɗauke da ɗaurin auren kansa. Na buga lsusb -t, hannuna yana rawa, sai ga Driver=uas a gaban diskin, kamar ban taɓa rubuta komai ba. Dalilin kuwa shi ne diskin yana jikin kwamfuta lokacin tashi, don haka an loda direban tun daga initramfs, ƙunshin fayilolin da kwamfuta take fara tashi da shi, wanda yake ɗauke da tsohon kwafin saituna. Umarni guda, update-initramfs -u, wanda yake sabunta wannan kwafi, shi ne ya rage, kuma ban buga shi ba. Na kira Yaya domin ya dakata da katunan, amma ya riga ya ɗauki sabon biki a kansu. Na kwana biyu a kan PhotoRec, manhajar tsamo fayilolin da aka goge, na tsamo gutsattsari, amma wurin da waliyyai suka yi magana bai dawo ba. Yaya bai ɗaga mini murya ba, shi ya je ya ba iyalin haƙuri ya mayar musu da rabin kuɗinsu, kuma wannan shirun nasa ya fi mini faɗa ciwo.

Yanzu idan zan gwada irin wannan gyara, ina fara rubuta lambar kai tsaye a /sys/module/usb_storage/parameters/quirks, in cire na'urar in mayar, domin a lokacin haɗawa ne direba yake karanta saitin. Ba na yarda ya kama sai na ga Driver=usb-storage da idona, sannan in juye fayil mai girman giga 20 ko fiye, in buga sync domin komai ya gama sauka a diski, in sake leƙa dmesg. Idan na'urori biyu ne, ana raba su da waƙafi a layi ɗaya, domin sabon rubutu yana goge na baya. Gudun diskin ya ɗan ragu, wannan gaskiya ne, amma bai sake tsayawa ba ko sau ɗaya.

Yaya yana kawo mini katunansa har yanzu, sai dai ba na miƙa masa su sai mun zauna tare mun buɗe kowane bidiyo, mun ja shi zuwa tsakiya da ƙarshe, ko da yana tsaye a bakin ƙofa babur ɗinsa a kunne.