Itacen da ke tsaye cikin ruwan gishiri

Sarin kifin banda ne ya kai ni Anyanui a Ghana, kusa da inda kogin Volta ke shiga teku. Kasuwar cike take da itacen mangurob, bishiyar da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin gaɓa, wanda mata ke banda da shi. Bayan kammala madatsar Akosombo da ke kan kogin a 1965 kamun kifi ya ja baya a yankin, mutane suka dogara da saran itace.

Can na hango wata dattijuwa cikin taɓo har gwiwa, tana cusa tsiron mangurob ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta nuna min saiwoyin da hannu. Cikinsu ƙananan kifi da ƙaguwa ke ɓuya, su ne kuma ke riƙe gaɓa idan ruwa ya taso. Ta miƙo min tsiro biyar, na tuɓe takalmi na shiga.