Yadda hoton rijiya ya kwanar da mu a ƙauyen bakin iyaka

A Maraɗi aka haife ni, a nan na yi lakwal, a nan nake koyarwa, amma sai da taubashina ya zo daga Katsina hutun ƙarshen shekara na gane ban san ƙasarmu ba. Ya tambaye ni kaburburan waliyyai 99 na Madarumfa, na ce ina dai jin labarinsu. Ya yi mini dariyar da ta ƙona mini rai, ya ce ga Bamaraɗe da bai san bayan gidansu ba. A daren muka tsara yawon kwana 3 a kan babur: Tsibiri, Madarumfa, sannan Maijirgi can wajen Tasawa, inda kabarin kyaftin ɗin Faransa Voulet yake tun 1899.

Ranar farko lafiya lau. Muka gangara tsohuwar Maraɗi cikin fadama, inda garin yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu, muka zarce Tsibiri muka ga fadar Sarkin Gobir, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Taubashi ya yi ta tsiya wai mu 'yan gudun hijirar Katsina ne, ni kuma na ce masa sarautar Katsina ta asali tana hannun jikokin Ɗan Kasawa, Sarkin Katsinan da ya kafa sarautarsa a Maraɗi, su na can riƙon ƙwarya suke yi.

Rana ta biyu muka yi sammako, muka bi ta Jiratawa cikin lambunan zogale, hantsi bai yi ba muna bakin tafkin Madarumfa. Wanda bai je Madarumfa da hunturu ba ya yi asara. Hazo kwance a kan ruwa, masunta a cikin kwalekwale suna ɗago koma, belbelu fari fat a gefe, mata suna soya karfasa a bakin gaɓa. Wani dattijo ya zaga da mu wasu daga cikin kaburburan, ya sa muka tuɓe takalma muka yi addu'a. Ya ce a wasu darare ana ganin haske a kansu, musamman daren Juma'a. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma a wurin ba za ka ga alamar hakan ba, mutanen gari ne ke kula da abinsu. Na ɗauki hotuna sun fi ɗari, har da muryar dattijon yana ba da labari, da izininsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da mun juya gida daga nan, da labari ya yi daɗi. Amma wani mai shayi ya ce mana can kudu, wajen Gabi, akwai wata tsohuwar kuka da kufan ganuwa tun zamanin hare-haren Maraɗi da Katsina. Na ce ai kusa ne. Ban tambayi kowa halin da yankin yake ciki ba, alhali kullum ina jin labarin satar shanu da ɗaukar mutane a gefen dajin Babban Rafi a rediyo. Ji nake abin na wasu ne.

Muka isa wani ƙauye wajen azahar, ba zan faɗi sunansa ba. Ban nemi gidan mai gari ba. Ban ma yi wa dattawan da ke ƙarƙashin bedi cikakkiyar sallama ba, hannu kawai na ɗaga musu muka wuce. Na tsaya bakin rijiya saboda gwanin kyau ta yi mini, bakinta duk igiya ta sassaƙe itacen, na ɗauki hoto. Na ɗauki garken shanu a bayanta. Na buɗe taswira a waya ina duba hanyar da ta yi kudu, na zaro littafina ina zana inda hanyoyi suka rabu don kada mu ɓata a dawowa. Ku dubi abin da idon mutumin ƙauyen: baƙi biyu a kan babur, ɗaya yana ɗaukar hoton shanu yana zana hanyoyi, ɗayan da Hausar Najeriya a bakinsa.

Kafin in mayar da littafin aljihu samari sun fi goma sun kewaye mu, wasu da gora, biyu da bindigar toka. Aka zare makullin babur. Aka laluba aljihun taubashi aka samu naira da layin waya na Najeriya, wani ya ce shi ke nan, 'yan rahoto ne. Na fito da kartidantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da katin aikina, wani saurayi ya ce wanda ya zo leƙen asiri wancan karon ma da takardunsa ya zo. Sati biyu kafin zuwanmu aka kore musu shanu, a lokacin na ji.

Aka kai mu zauren mai gari. Tsoho ne, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi yawon ganin tarihi muka zo."

Ya ce, "Yaro, tarihin nan da ƙafa yake yawo, ko a bakin mutane yake? Ka wuce mutanen, ka je kana tambayar rijiya."

Bai kalli katin ba. Ya tambaye ni ɗan wa ne ni a Maraɗi, wace unguwa, wane ne limaminmu, a wace rumfa mahaifina yake zama a babbar kasuwa. Allah ya taimake ni, mahaifina ya yi shekaru yana awon gyaɗa, kuma akwai wani a ƙauyen da ya taɓa kai masa kaya. Sai da aka hau wani tudu aka samu layi, aka kira gida, aka tabbatar. Wannan duka ya ci mu daga azahar har gab da magariba, muna zaune a tabarma samari na tsaye a ƙofa.

Hasarar da har yau take cizona ni na jawo wa kaina. Mai gari cewa ya yi in goge hoton shanu da na hanya. Hannuna na rawa, ina son su ga ba ni da abin ɓoyewa, na danna na share komai na ranar, har kwandon sharar wayar na zazzage a gabansu. Tafkin, hazon, masunta, muryar dattijon nan, duk sun tafi. Babu wanda ya ce in yi haka. Taubashi ya ce da ya ga yatsana ya nufi wurin ya so ya riƙe ni, amma ya ji tsoron a ce akwai abin da muke karewa.

Ba a bar mu mun kama hanya da dare ba, kuma gaskiyarsu. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, saurayin da ya zare mana makulli shi ya shimfiɗa mana tabarma. Da safe mai gari ya haɗa mu da jikansa, ya kai mu kukar da kufan, tafiyar minti ashirin a ƙasa. Ganuwar ta zama ɗan tudu mai tsawo a cikin gonar dawa, da kaina ko kwana zan yi ba zan gane ta ba. Ban fito da waya ba, na kasa.

Yanzu in wani ya ce mini zai je yankin, tambayata ta farko ita ce wa ya sani a can. In babu, ya nemo. Ya sayi goron jikka guda, ya fara da zauren mai gari, ya faɗi sunan ubansa kafin a tambaye shi, ya roƙi yaron da zai raka shi. Shanu, rijiya da mararrabar hanya kada ya ɗauke su hoto ko an ce ya ɗauka. La'asar ta same shi a kan kwalta. Kuma hoton da ya ɗauka da safe ya tura wa wani a gida tun yana da layi, da na yi haka da ban zauna ina rubuta wannan da takaici ba.

Maijirgi ba mu je ba, gida muka yo, mahaifiyata ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Na koma Madarumfa a watan Maris don in sake ɗaukar muryar dattijon, na tarar ruwa ya ja baya, hazo ya wuce, shi kuma an ce ya tafi wurin 'yarsa a Ɗan Isa.